Sunan Illa a Kan Sadaukin Gawo na Biyu

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai nake buɗe baki, Shi da ya ba mu harshe mu faɗa, ya ba mu kunne mu saurara. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, da iyalan gidansa da sahabbansa baki ɗaya.

Mai girma shugaban wannan zama, Alhaji Nasiru. Wakilin mai martaba Sarkin Kance, Allah ya ja zamanin Sarki. Wakilin magajin garin Matameye. Malamanmu da limamanmu, Allah ya gafarta muku. Hajiya Sadiyya, shugabar ƙungiyoyin mata, da iyayenmu mata da ke zaune can hannun hagu. Malaman lakwal, wato makarantar boko, da suka tashi daga aji suka taho nan. Ƴan'uwanmu da suka yi sammako daga Kurni da Icirnawa. Samari da ƴanmata da suka cika gidan matasan nan har wasu na leƙe ta taga. Jama'a baki ɗaya, assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ina godiya ga shugaban zama da ya miƙo mini lasifika, alhali ya san ni ba ma'abocin kallo ba ne, kuma ba ma'abocin magana gaban manya ba ne. Ina godiya ga waɗanda suka yi magana kafina, har waɗanda suka ɗaga murya, don na san zafin zuciya ne ya ɗaga ta. Wanda bai san ni ba, sunana Zakari, rake nake nomawa a korama. Ni ne yayan Balki, kuma ni ne kawun ɗanta Illa, yaron da ya fito a fim ɗin Sadaukin Gawo na farko. Da bakin gidanmu na tsaya a nan.

An tara mu ne don a yanke shawara kan fim ɗin da samarin garin nan suka yi, Sadaukin Gawo na Biyu. Wasu sun ce a hana nuna shi. Wasu sun ce a karɓe ɗakin da aka ba Mustafa da ƙungiyarsa, tunda shi ya tsara fim ɗin. To, akwai abin da ba a ambata ba, kuma shi ne ya fito da ni daga gona. Marwan, yaron da ya rufe fuska ya fito a matsayin Sadauki a wannan na biyun, ya ɗaure kayansa. Ga shi can zaune bakin ƙofa, kansa a sunkuye. Ya gaya wa mahaifiyarsa ranar kasuwa mai zuwa zai shiga motar Legas, kuma bai sa ranar dawowa ba. Abin da za mu faɗa a ɗakin nan yau, shi zai sa ya kwance jakar nan ko ya saɓa ta.

Magana ta farko, a kan fim na farko ne, don kada mu manta abin da ya sa muka ɗoki na biyu.

Da damina suka yi shi, lokacin da maza ke gida. Salula ce kayan aikinsu, sai wani tsani da suka aro wajen magina. Labarin kuwa kowa ya san shi: wani manomi ya fake ƙarƙashin gawo, tsawa ta faɗo, Allah ya tsare ransa, ya farka da ƙarfin da ba a saba gani ga ɗan Adam ba. Sai ya ja amawali ya rufe fuska don kada a san shi a yabe shi. Ya ɗaga amalanken shanu da ya kife kan mai shi. Ya fid da saniya daga rijiya. Ya jera duwatsu ya tare kwazazzabon da ke neman cin gidajen bayan gari. Wurin da ba zan manta ba shi ne inda yake bin ɓarawon awaki a guje, sai ya iso majalisar dattawa. Ya tsaya cik, ya tuɓe takalma, ya durƙusa ya gaishe su, ya tambaye su gajiya da iyali, sannan ya tashi ya ci gaba, kuma ya kama ɓarawon. Ranar da na ga wurin nan na yi dariya har da hawaye, ni da ƴaƴana suke cewa ba su san launin haƙorana ba. Mazanmu da ke ci-rani a Kano da Legas da Fatakwal sun riƙa tura shi daga salula zuwa salula. Wani ya ce mini ba don Sadaukin yake kallo ba, don ya ga lungun gidansu ne da bishiyar ƙofar masallacinsu.

Magana ta biyu, a kan na biyun ne, kuma Mustafa, ka yi haƙuri, ba zan yi maka kara ba. Fim ɗin nan bai yi daɗi ba. Na kalle shi daga farko har ƙarshe, na kuma saurari ra'ayin jama'a a kasuwa da tasha da bakin masallaci, ban ji wanda ya fito yana murmushi ba.

Samari, waɗanda suka fi mu sanin harkar, sun ce wutar da ke fita daga tafin hannun Sadauki kamar yaro ya zana ta da alli take, kuma in ya tashi sama ana ganin igiyar da ke riƙe da shi. Wannan ni bai dame ni ba, da igiya da babu igiya ban taɓa zaton zai tashi ba. Iyayenmu mata sun kawo kuka mafi nauyi. An sami wata na'ura mai tashi an ɗauki garin daga sama, sai ga Sadauki yana bi ta kan gidajen mutane ba sallama, tsakar gida a buɗe, ana ganin mai daka da mai wanki. Hajiya Sadiyya ta ce ta gane shanyarta a kan igiya, kuma duk ɗakin kallon ya gane ta tare da ita. Malamai sun ce tun da aka fara har aka gama, bawan Allahn nan bai gai da kowa ba, ko hannu bai ɗaga wa tsoho ba. Ni kuma nawa kukan a kan abokin gabarsa ne. An kawo mana wani dodo na ƙarfe da ya sauko daga sararin sama wai zai haɗiye duniya. Jama'a, ina tambayarku da girman Allah, wa dodon ƙarfe ya taɓa hana barci a Matameye? Mu abin da ke hana mu barci mun san shi: ruwa ya ɗauke gero na bununi, tsutsa ta shiga wake, ɗa ya tafi kudu wayarsa ta daina shiga. Sadaukin farko namu ne, matsalarmu ce matsalarsa. Na biyun baƙo ne, ya zo da rigimarsa daga wani wuri ya yi ta a filinmu ya tafi. Kuma ko kalma ɗaya bai furta ba. Aka ce mana salo ne. Daga baya muka gane tsoro ake kada a ji muryar a san ba ta Illa ba ce.

Duk da haka ina roƙonku ku raba abu biyu. Fim marar daɗi ba zunubi ba ne. Babu manomi a ɗakin nan da bai taɓa yin shuka ta ƙi ba, kuma ba a ƙwace masa gona ba. Yaran nan sun ga irin finafinan da ake kawowa daga nesa, idonsu ya rufe, suka ɗauka girma shi ne tashi sama da tartsatsin wuta. Sun yi kuskure a sana'a, kuma ba'ar da aka yi musu ta ishe su darasi. Da a nan maganar ta tsaya, da yanzu ina korama ina ban ruwa.

Magana ta uku ita ce mai nauyin, ku ba ni aron kunnuwanku.

Bayan an gama fim na farko, da aka cire amfanin gona, Illa ya bi sahun maza ya tafi Legas ci-rani. Shekarar farko yana kira, yana aike. Daga nan lambarsa ta daina shiga. Rani uku ke nan. Mun sa waɗanda suke can sun bincika inda yake kwana, aka ce ya tashi. Aka bi inda aka ce ya koma, aka ce ba a san shi ba. Iyakar abin da muka sani ke nan, ban ɓoye muku komi ba.

Kun san yadda muke a garin nan. Wanda ya tafi ci-rani ba a cire sunansa. Ana nome masa kasonsa a gandu, a ce gonar wane ce. In an yi layya ana ware nasa. In an tambaye ka shi, cewa kake yana can, ko da rabonka da jin muryarsa ya yi nisa. Cire sunan mutum a wajenmu daidai yake da shimfiɗa tabarmar makokinsa. A cikin wannan tarbiyya Mustafa ya tashi. Da na ji abin da ya yi na same shi raina a ɓace, na ce, “Kai Mustafa, me ya kai ka rubuta sunan Illa a fim ɗin da ba ya ciki, har ka ba gidan rediyo su karanta?” Ya fashe da kuka, ya ce, “Kawu, wallahi na zauna gaban na'ura zan goge, hannuna ya ƙi. Na ga in na goge kamar ni ne na fara yi muku ta'aziyya.” Na juya kan Marwan, da ke wurin tare da shi, na ce, “Kai kuma ka yarda ka sha rana, ka sha rataya a igiya, a rubuta sunan wani?” Ya ce, “Kawu, riƙon ƙwarya nake yi masa. In ya dawo ya tarar da wurinsa.” Na je da niyyar faɗa, na bar su na juyo gida.

Sai abu na biyu, shi ma namu ne. Illa ɗan fari ne. Tun da Balki ta haife shi ban taɓa jin sunansa a bakinta ba, kuma ba ku taɓa ji ba. Ba ta tambayar labarinsa, ba a kuma kai mata labarinsa kai tsaye, haka muka tarar, haka muke yi. Rani ukun nan, in ƴan ci-rani sun dawo sun zo gaishe ta, takan tambaye su hanya, ta tambaye su iyayensu, ta ba su ruwa, su tashi su tafi. Abu ɗayan da take son tambaya, kunya ba ta bari. Saboda wannan kunyar ne babu ko ɗaya cikin yaran nan da ya iya zuwa ya durƙusa ya ce, “Inna, za ki ji sunansa a rediyo, amma ba shi ba ne.” Kowa ya ga ba huruminsa ba ne ya yi wa uwa zancen ɗan farinta.

To, ta ji. Tana tankaɗe a tsakar gida rediyo ya karanto sunayen ƴan wasa, sunan ɗanta a kan gaba. Ta san Mustafa ya yi makonni a Kano wajen haɗa fim ɗin. Sai ta ƙudurta a ranta can suka gamu, can aka ɗauke shi, kunyar dawowa hannu wofi ce ta hana shi zuwa gida. Ba ta tambayi kowa ba, ko ni. Ranar da aka fara nunawa, bayan la'asar, ta ɗaura zanenta na Salla ta taho ɗakin nan. Matar da ba ta taɓa taka ƙofar gidan kallo ba ta shigo ta raɓe can baya cikin mata.

Hajiya Sadiyya tana kusa da ita, ita ta ba ni labari. Aka nuno gawo, Sadauki ya taso daga gindinsa fuska a rufe, ya fara tahowa. Bai gama fita daga inuwar ba Balki ta ce a hankali, “Ba shi ba ne.” Hajiya ta ce, “Ai fuskarsa a rufe take.” Ta ce, “Ni na koya masa tafiya.” Hajiya ta kama hannunta ta ce su tashi su tafi gida. Ta ƙi. Ta zauna ta kalli dodon ƙarfe, ta kalli igiya, ta kalli tartsatsin wuta, har aka kai ƙarshe aka kunna fitilu, wai ko can gaba za a nuno shi ko sau ɗaya. Wannan zaman da ta yi shi ne ya fi komi ƙona mini rai, kuma har in mutu ba zan manta da shi ba. Ta koma gida ta kwanta, sai da muka kai ta likita.

Magana ta huɗu, a kanku ce, jama'ar Matameye, kuma da ladabi nake yin ta.

Kun ji abin da ya sami ƙanwata, ranku ya ɓaci. Mun gode, wannan alamar zumunci ce. Amma ku duba inda kuka sauke fushin. Marwan ɗan kabu-kabu ne, da babur ɗin nan yake ciyar da mahaifiyarsa. Yau in ya tsaya a tasha, fasinja ya gwammace ya taka da ƙafa. Yara suna bin sa suna kiran “Jabu, Jabu,” manya suna ji suna kau da kai. Mahaifiyarsa ta daina zuwa biki da suna. An ce ya saci sunan wanda ba ya nan. Ina ya saci suna? Nasa ya ajiye ya ɗauki wahalar wani. Yaron nan bai taɓa zuwa ci-rani ba, shi kaɗai ne namiji a ɗakinsu, bai san kowa a Legas ba. Kuna jin zafi saboda yaro ɗaya ya tafi Legas bai dawo ba, sai maganin abin ya zama ku kora wani can? In ya tafi wayarsa ta daina shiga, wa a cikinku zai je ya zauna gaban mahaifiyarsa? Gidanmu bai aiki kowa ya rama mana ba, kuma ba ma so a rama.

Saboda haka, mai girma shugaban zama, ga roƙon gidanmu. Kada a karɓe ɗakin yaran nan, kada a hana fim ɗin. A yanke wuraren da aka nuna tsakar gidajen mutane, Mustafa ya bi gida-gida ya ba da haƙuri, in ya so sauran wanda ke da juriyar kallon dodon ƙarfe ya kalla. Sunan Illa ya zauna a fim na farko, don guminsa ne. A na biyun kuwa a goge shi a rubuta Marwan. Hannun Mustafa ya ƙi, to mu mun ba shi izini, nauyin ya dawo wuyanmu. Kuma tunda kunya ce ta kawo mu nan, bari in faɗi abin da ba a taɓa faɗa daga gidanmu ba, gaban malamai da wakilin Sarki. Ba mu san inda Illa yake ba. Ba mu ce ya rasu ba, ba mu kuma da shaidar yana raye. Daga yau wanda ya tambaye ni, ba zan ce yana can ba, cewa zan yi a taya mu addu'a. Ku da za ku tafi kudu bana, ku tambaya a fili, a tasha da masallaci da asibiti, kada ku ji nauyinmu. Wanda ya samo labari, mai daɗi ko marar daɗi, ya kawo shi har gida.

Saura abu ɗaya, shi ne wannan ƙunshin da kuka ga na shigo da shi.

Yau da safe na biya wajen Balki na gaya mata duk abin da zan faɗa, don ba zan goge sunan ɗanta a bayan idonta ba. Sannan ta tashi ta shiga ɗaki, na ji tana jan akwati, ta fito da wannan. Shuɗiyar rigar nan ce da Sadauki ya sa a fim na farko. Ashe tun da ya tafi tana ƙasan akwatinta, ni kaina ban sani ba. Ta ce, “Yaya, ka kai wa yaron nan. In za su yi na uku, ya sa ta, ya kuma buɗe baki ya gai da mutane da muryarsa. Ka ce masa kada ya tafi, uwarsa ba za ta iya abin da nake iyawa ba.” Na warware rigar na duba, na ce, “Balki, ai ta yi masa tsawo. Sai an kai wa tela ya rage ta.” Sai ta riƙe bakin rigar da hannu biyu, ta ce, “A kalmashe ta daga ciki a ɗinke. Kada a sa mata almakashi.”

Marwan, taso ɗana. Taso, kada ka ji kunyar kowa, ku ba shi hanya. Karɓi da hannu biyu. Ka ji sharaɗin mai ita, ka kuma ji saƙonta. In an tashi daga nan ka wuce gida ka kwance jakar nan gaban mahaifiyarka.

Ya Allah, Kai ne Masanin inda kowane bawa ya kwana. In Illa yana raye, ka tsare shi, ka huce masa zuciya, ka juyo da fuskarsa gida. In ka riga ka karɓe shi, ka yi masa rahama, ka kuma sanar da mu don mu yi masa abin da ake yi wa Musulmi. Ka ba Balki haƙuri, ita da duk uwar da ke zaune a garin nan da tambaya a bakinta ta kasa yi. Ka kai matafiyanmu lafiya, ka dawo da su lafiya. Ka yi wa samarinmu albarka a sana'arsu, ka tsare harsunanmu daga cutar da junanmu. Ka ba shugabanninmu ikon yin adalci, ka ba mu damina mai albarka, ka zaunar da Matameye da Damagaram da ƙasarmu Nijar lafiya. Allah ya mai da kowa gidansa cikin aminci.

Na gode.